Kafin Ki Zana 'Ya'yan Mutane

Garki, Abuja.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Mamana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauke ki Legas lami lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki a masauki da wurin aiki, Ya tsare ki a hanya, Ya tsare ki a inda hanyar ta ƙare. Mahaifiyarki za ta sa miki ita a jaka. Ki karanta bayan kin huta.

Kin san ni da ƙarancin magana. Ranar da kika nuna mana takardar ɗaukarki aiki a kamfanin buga littattafan yara, "Madalla" kawai na ce, kuma na lura kin so in ƙara. Abin da ban ƙara ba shi ne wannan. Na ga abin da kika tara a kwamfutarki: hotunan yara daga intanet, wannan yana tsalle, wancan yana kuka, kin jera su bisa yanayin fuska domin ki riƙa dubawa idan kina zane. Tsarin ya yi kyau. Ni ma da irinsa na fara, sai dai nawa na takarda ne, kuma saura kaɗan ya raba ni da aikin da na fi so a rayuwata. Zan ba ki labarin yadda abin ya kasance, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

Da na gama jami'a na samu aiki a sashen kayan koyarwa na ma'aikatarmu a nan Garki. Na yi shekaru ina zana taswira da sassan fure da hanjin ɗan Adam. Ba wanda ya taɓa tambayata ko na iya zana mutum mai rai. Sai aka tashi yin littafin karatu na 'yan aji biyu, labarin wata yarinya, Talatu, da ƙanenta, waɗanda aka aika su kai wa kakarsu abinci a gona. Daraktanmu, wanda kowa ke kira Oga, ya kira ni ofishinsa.

"Malam Abdulƙadir, an ce zane ka karanta. To ga dama. Za a gwada littafin a aji kafin kwamiti ya sa hannu. In yara suka gane hotunan, aikin naka ne, har da littattafan da za su biyo baya. In ba su gane ba, za mu sayo hotuna daga waje, kai kuma ka koma wa hanjinka."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na san irin wannan dama ba ta cika zuwa wa ma'aikacin gwamnati sau biyu ba.

Ga kuskurena na farko. Na shiga kasuwar Garki wurin masu sayar da tsofaffin mujallun ƙasashen waje, na kwaso masu tallar kayan yara, na yanke hotunan na tara. Idan ina son Talatu ta miƙa wa kakarta kwano, sai in nemo yarinyar da ke miƙa wani abu, in ɗora takarda mai shara-shara in bi layin jikinta, in duhunta fatar, in ɗaura mata zane da ɗankwali. Wani hoton ya zo yana fuskantar gefen da shafin ba ya so, sai na kifa takardar na bi layin ta baya. Haka aka koya mana a jami'a, kuma a ƙa'idar zane babu laifi a ciki. Aikin ya fito tsaf, abokan aiki suka yaba.

Aka kai mu wata makarantar firamare a Kurudu, ajin Madam Rifkatu, wata malama 'yar Filato da ta daɗe tana koyarwa a can. Hausarta irin ta Abuja ce, ba ta damu da raba mace da namiji ba, amma yara na jin maganarta kamar ta uwa. Ta rufe rubutun da tafin hannu, ta ɗaga shafin.

"To yara, wannan yarinya me yake yi?"

Can wani yaro a baya ya ce, "Anti, rashin kunya take yi."

"Kai! Ina ka ga rashin kunya?"

"Tana kallon tsohuwar cikin ido. Kuma ga ta a tsaye ƙiƙam."

Wata yarinya ba ta ko jira izini ba. "Anti, da hagu take ba ta! Wallahi a gidanmu sai ta sha rankwashi."

Aji ya kece da dariya. Na duba, na ga gaskiyarsu. Kifa takardar da na yi ya mai da dama hagu. Ni da na tashi a gidan da ba a miƙa ko tsinke da hagu, na yi ta kallon zanen nan ban gani ba, domin layi nake dubawa, ba yarinya ba. Madam Rifkatu ta ci gaba da buɗe shafuka. Inda na zana ladabi suka ga tsiwa. Inda na zana ƙanen yana jin tsoro, ya buɗe baki ya dafe kumatu da hannu biyu, suka ce haƙori ke masa ciwo.

Mamana, jikin yaro yana ɗauke da tarbiyyar gidansu. Kina iya canza wa hoto fata da tufafi, amma tsayuwa da kallo da inda aka ajiye hannu suna nan yadda suka baro ƙasarsu. Ban hana ki hotunan intanet ba. Suna da amfani wajen gane yadda gwiwa ke lanƙwasa, da girman kan yaro idan aka gwada shi da kafaɗarsa. Amma kada ki karɓi ladabi ko tsoro ko murna daga wurinsu. Duk hoton da kika juya kuwa, ki koma ki duba wane hannu ke bayarwa, wane hannu ke cin abinci. Kin kuma ce yanzu akwai manhajar da ake faɗa wa irin yaron da ake so ta fitar da shi nan take. Na gwada ta. Ta ba ni yaro kyakkyawa wanda ba ɗan kowa ba ne. Ki yi amfani da ita inda ta dace, amma ki san iyakarta.

Oga bai yi mini faɗa ba. A mota kawai ya ce, "Kwamiti bai zauna ba tukuna. Ka gyara kafin su zauna. Bayan nan ba ni da abin da zan iya yi maka."

Na yanke shawarar yaranmu zan ɗauka hoto. Shawarar daidai ce, yadda na aiwatar da ita ne ba daidai ba. Na aro kyamarar ofis, na koma Kurudu ranar Asabar, na tarar da yara suna wasa a wani fili bayan makaranta, na ce su tsaya in ɗauke su. Nan take wasa ya mutu. Suka jeru kamar za a rera taken ƙasa, hannu manne da cinya, ido a zare. Na ce wa ɗaya, "Yi fushi." Ya tuntsire da dariya. Na ce, "To yi dariya." Ya yage baki ya nuna mini haƙoransa duka kamar mai jiran likita. Ina cikin wannan fama sai na ji hannu a kafaɗata. Wani magidanci ne riƙe da fartanya, wasu maza na biye da shi.

"Malam, sannu. Yaran nan naka ne?"

Na ce a'a, na soma ambaton sunan ma'aikatarmu.

"Ban tambaye ka inda kake aiki ba. Wa ka gaisar a garin nan?"

Allah Ya taimake ni wata yarinya ta ruga ta kira Madam Rifkatu, da yake gidanta na kusa. Ta iso tana gyara ɗaurin kallabi.

"Baban Ladi, yi haƙuri, na san shi. Mai zanen littafi ne. Ba ɓarawon yara ba ne, boko ne kawai ya yi masa yawa." Ta juyo gare ni. "Malam, kai ma! Ka shigo garin mutane ko sannu babu, sai ƙyas, ƙyas? Zo mu je."

Ta zaga da ni gida-gida. Na gaisa, na nuna zanen, na faɗi abin da za a yi da hotunan da abin da ba za a yi da su ba. Wasu iyayen suka yarda, wasu suka ƙi, na yi wa kowa godiya. Baban Ladi ne ya fara yarda, bisa sharaɗin kada in zana masa 'ya tana ba da abu da hagu. Ashe labarin ya riga ni shiga gari.

A nan darasi biyu ne. Na farko, ɗan mutane amana ne ko a hoto. Ki gaida iyaye kafin ki ɗaga waya, ki yi musu bayani da harshen da suke ji, wanda ya ƙi ki bar masa ɗansa ba tare da ɓata rai ba. Wannan ya fi nauyi a zamaninku, domin nawa hotunan a aljihun tebur suka kwana, naki kuwa taɓawa ɗaya ta isa ta kai su duniya. Kada ki ɗora hoton ɗan kowa a shafinki, ki goge shi idan aiki ya ƙare, kuma ki sauya kamannin fuska a zane yadda ba za a nuna yaro da yatsa a hanya ba. Na biyu, ba a umartar yaro da yanayin fuska. Abin da zai ba ki idan kin umarce shi shi ne abin da yake zaton manya na so.

Daga nan na mai da kyamara jaka, ba na fito da ita sai ya zama dole. Na riƙa zuwa lokacin da ake fita tara, in zauna gindin mangwaron makarantar da takarda da fensir. Da farko suka yanyame ni. Da suka ga ba na raba alewa, suka watse, suka manta da ni. Sai a lokacin na fara ganin yara.

Na ga fushin yaranmu ba a goshi yake ba, a baki yake da ƙeya: yaro ya turo baki, ya ba ka baya, ya riƙa haƙar ƙasa da babban yatsan ƙafa. Na ga kunya: yarinya ta karkatar da kai, ta cusa bakin hijabi ko wuyan riga a baki, ta naɗe ƙafa ɗaya a bayan ɗaya. Na ga wadda ta ɗauko ƙanenta a kwankwaso tana karkata zuwa ɗaya gefen, hannun da babu komai yana lilo nesa da jiki. Na ga masu langa, na gane murna ta fi fitowa a kafaɗa da ƙafa fiye da haƙora. Idan kuwa ina bukatar wani motsi na musamman, sai in roƙi Madam Rifkatu ta aiki yaro aike na gaske, misali ya kai wa hedimasta ruwa a kofi cike fal. Yaron da ke tsoron kada ruwa ya zube ba ya bukatar a koya masa fuskar taka-tsantsan. Har harshensa sai ya leƙo waje. Ki riƙe wannan dabara, ta fi duk wata da na koya a aji: ki samar da dalili, fuska za ta zo da kanta.

Akwai kuskure na uku, wanda Allah Ya sa na kama shi da kaina. Kakar Talatu a labarin manomiya ce a wani ƙauyen Gbagyi, ni kuwa na zana ta da kaya a ka, kamar yadda na saba gani a garinmu. Wani abokina da ke aiki a Sheda ya gayyace ni in ga gonakin doya na wajen, domin bayan shafukan ya yi kama da gaskiya. Ina tsaye a bakin hanya sai ga mata suna dawowa daga gona, 'yan mata ƙanana na biye, kowace da ƙwaryar kayanta a kafaɗa, babu ko ɗaya da ta ɗora a ka. Na daɗe ina wuce irinsu a mota, ban taɓa kallonsu da idon mai zane ba. Na gaisa, na nemi izini, na zana yadda wuya ke sunkuyawa gaba da yadda hannu ke tallafe ƙwaryar, na koma na sake shafin. Saboda haka idan kin ce "yaranmu", ki tambayi kanki na wane gida. A inda za ki, gaisuwar yaro ga babba ba irin tamu ba ce, ta namiji daban, ta mace daban. Ki tambaya, ki kalla, kafin ki ɗora fensir.

Saura shafi guda, kuma shi ne zuciyar littafin. Ƙanen ya yi tuntuɓe, abinci ya zube, Talatu ta tsaya gaban kakarsu da kwano wayam. Ana son a ga tsoro a fuskarta, a kuma ga ta yanke shawarar ɗaukar laifin a kanta. Irin wannan fuska ba ta zuwa filin wasa. Na zana na yaga, na zana na yaga, ga zaman kwamiti yana matsowa.

Wata safiya ina zaune a ɗaki gaban takarda sai na ji ƙarar fashewar tangaran daga kicin. Jim kaɗan sai ga ki a bakin ƙofa. Lokacin ba ki shiga firamare ba. Rabin jikinki na bayan labule, hannuwanki biyu a baya, haɓarki a ƙirji, idonki ya ɗago ya tsaya daidai aljihun rigata, bai kai fuskata ba. Leɓenki na ƙasa yana rawa. Amma ƙafafunki biyu a dashe suke, babu wadda ke shirin gudu.

Kika ce, "Abba, ni ce."

Na jawo takarda na fara zane. Shirun da na yi ya sa kika ci gaba da tsayuwa a haka, kina jiran hukunci, ni kuwa hannuna yana gudu. Mahaifiyarki ta leƙo da tsintsiya.

"Ikon Allah! Yarinya ta kawo kanta, kai kuma ka tsaya zane? Ko dai ka yi mata faɗa ko ka sallame ta."

Na sallame ki, da yamma kuma na sayo miki tsire, ba ki san dalili ba. Na sauya hanci da goshi yadda ba wanda zai gane ki, amma tsayuwar taki ce. Fensir ya kasance kusa da ke ko a gida, domin abin da kika fita nema wani lokaci shi zai zo ya tsaya miki a bakin ƙofa.

Ranar gwaji na ƙarshe 'yan kwamiti suka zo Kurudu da kansu, suka zauna a bencin yara a bayan aji, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau, wadda ba ta yi murmushi ba tun da muka baro Garki. Oga ya tsaya a bakin ƙofa. Madam Rifkatu ta rufe rubutu da hannu, ta fara ɗaga shafuka.

Ba ta ma gama tambaya ba, yara suka karɓe labarin. "An aike su!" "Ƙanen ba ya son zuwa, ga shi ya turo baki!" "Ta ce masa in bai zo ba za ta faɗa wa Mama!" Wannan maganar ba ta cikin rubutu, daga tsayuwar Talatu suka ciro ta. Da aka zo shafin kaka da ƙwarya a kafaɗa, wata yarinya ta miƙe tsaye ta ce, "Anti, kakata ce!" Wata ta ce ƙarya ne, tata ce. Sai da Madam ta raba su.

Sannan ta ɗaga shafin kwano wayam. Yara suka ƙura wa zanen ido.

"Me ya faru a nan?"

"Ta zubar da abincin."

"Ba ita ba ce, ƙanenta ne! Ga shi can ya ɓuya a bayanta."

"To me ya sa ita ya tsaya a gaba?"

"Za ta ce ita ce, Anti. Don kar a dake shi."

Sai wani ɗan ƙaramin yaro a layin gaba ya tashi, ya matso kusa da littafin, ya haɗa hannu biyu, ya ce wa tsohuwar da ke cikin zanen, "Kaka, don Allah ki yi haƙuri. Kar ki dake ta."

Sauran suka ɗauka. "Ki yi haƙuri, Kaka! Ki yi haƙuri!" Dole Madam Rifkatu ta yi sauri ta buɗe shafi na gaba, suka ga tsohuwar ta jawo yaran biyu jikinta. Aji ya ɓarke da tafi da buga benci, har malamin ajin da ke maƙwabtaka ya leƙo ya ga ko lafiya.

Shugabar kwamitin ta cire tabarau ta goge. Ta dubi sauran, ta ce, "Ina ganin ba sai mun zauna ba." Oga ya zo ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce, "Malam Abdulƙadir, ka je ka fere fensir da yawa." Ba a sayo hoto ko ɗaya daga waje ba. Ni na zana wannan littafin, ni na zana waɗanda suka biyo bayansa, kuma har na bar aiki ba a sake fitar da littafi daga sashenmu ba sai an kai shi gaban yara tukuna. Ban cika faɗin abin da na yi alfahari da shi ba, amma wannan na yi, kuma ina gode wa Allah.

Saboda haka ga shawarata ta ƙarshe. Editanki zai yaba ko ya kushe, abokan aiki ma haka, ki saurare su da ladabi. Amma kafin ki ce kin gama, ki nemi izinin wata malama, ki kai zanenki ajinta, ki rufe rubutun da hannu, ki ja bakinki ki yi shiru. Idan yaran suka yi magana a kan zanen, da saura. Idan suka yi wa wanda ke cikin zanen magana, kin gama.

Allah Ya yi miki albarka, Ya sa albarka a hannunki da idonki. Ki kiyaye salla a kan lokacinta, ki kula da mutuncinki da na mutane, ki riƙa kiran mahaifiyarki ko da babu labari. Allah Ya tsare ki daga duk abin ƙi, Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Abdulƙadir